Saurar Baba Tanko

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, mu ɗaliban kwas ɗin zana taswira da kwamfuta, a wata bas da igiya ke riƙe da ƙofarta. A aji an koya mana ɗora hoton tauraron ɗan adam a allo, mu raba ƙasa launi-launi: kore gona, ja gidaje, rawaya filin da ba mai shi. Yanzu za mu gani da ido ko launin ya faɗi gaskiya.

A Bakori muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana sai da tabarau ake ganinsa, kuɗinsa kuwa ko makaho ya gani. Daga nan dawa da masara hagu da dama, ramuka a tsakiya, har muka saki kwalta gab da Malumfashi.

Filin da aka turo mu dubawa rawaya ne a taswira, har an yanka shi fuloti-fuloti. A ƙasa kuwa sabara ce da ciyawa, ga tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashi. Muna ɗaukar awo sai ga wani dattijo, Baba Tanko, ya jingine kekensa.

"'Ya'yana, me kuke aunawa a gonata?"

Muka ce ai an nuna ba ta da mai ita. Ya ce bara wasu sun zo da irin na'urarmu, suka tambaye shi, ya ce musu saura ce. Nufinsa gonar da ta gaji aka bar ta ta huta, don taki ya fi ƙarfinsa. Su kuwa 'yan birni suka ji saura, wato abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki nasa.

"Baɗi zan sa mata dawa. Ku gyara mini, don Allah." Ya cika mana aljihu da gyaɗa, ni kuma da saurin baki na ce an gama.

Da muka dawo Funtuwa na sami malaminmu. Ya danna sau ɗaya, filin ya koma kore a gabana.

"Wannan ta gwaji ce," in ji shi. "Ta gaskiyar, wadda aka yanka fulotin da ita, hukuma ta sa mata hannu tun kafin ku fara kwas."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: gyaran taswira danna ɗaya ne, amma ba yatsanmu ake jira ba. Baba Tanko yana can yana ware irin dawa. Gyaɗarsa tana aljihuna har yau, na kasa ci.