Allurar da Ta Tsinke a Rugar Arɗo Jaɓɓi

Na yi ritaya na manta abubuwa da yawa na aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da na shiga wata ruga a gabashin Katuru da tsakar rana na tarar da shanu sun karkata wuya gefe ɗaya suna kallona ba. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a a Zamfara ba, ni kuwa ina ƙaramin malamin dabbobi. Likita, shugabanmu, yana zaune a Ƙaura Namoda, ni nake ɗaukar allurar rigakafi a babur in bi rugage kafin damina ta sauka.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Allurar da muke yi wa shanu a lokacin fara ce fat kamar madara, domin mai ne da ruwa aka haɗa. Kowa ya san su biyun ba sa zama tare, don haka ake zuba wani sinadari mai kauri, ruwan ɗorawa, da ake kira polisobet. Gefensa ɗaya yana kama mai, ɗayan yana kama ruwa, sai ya riƙe su wuri guda. Ba ya ɗauke da caji irin na lantarki, shi ya sa ba ya rigima da gishiri da sauran abin da ke cikin magani. Yana cikin alluran mutane da maganin ɗigawa a ido, har da wasu kayan ci. Ɗan kaɗan ɗin da ake sawa ba ya cutarwa, ko da yake akwai jikin da ba ya karɓarsa, musamman kare idan aka tura masa ta jijiya da sauri. Sharaɗin irin wannan allura ɗaya ne, an kuma rubuta a jikin kwalba: a sanyaya, amma kada ta daskare.

To firjinmu mai aiki da kananzir ya mutu ana saura kwana biyu in fita. Ni da wayona, sai na kwashi kwalaben na kai wa wani mai sayar da ƙanƙara a Shinkafi, na ce ya cusa su can ƙasa inda ya fi sanyi. Na ɗauko su kamar duwatsu, suka narke a hanya, ina ta yaba wa kaina.

A rugar Arɗo Jaɓɓi, ina fitar da kwalbar farko sai wata tsohuwa ta tsaya a kaina da ƙwaryar nono. Goggo Dudu ake ce mata, matar marigayi yayan Arɗo, ba ta da ɗa a raye. Ta ƙura wa kwalbar ido. Mai ya taso sama, wani ruwa tsararo ya kwanta a ƙasa.

Ta ce, "Malam, nonon ga naka ya tsinke."

Na yi dariya na girgiza kwalbar har ta koma fari. "Goggo, wanga ba nono ba na. Magani na na Turawa."

"Ni dai na san in mai ya hita, ko ka wuni kana kaɗawa ba shi komawa," in ji ta. Ta wuce abinta.

Na yi wa shanu allura ɗaya bayan ɗaya, duka a wuyan hagu, don ta nan hannuna ya saba.

Bayan kwana huɗu aka aiko in zo. Na kashe babur a bakin rugar, sai na ji shiru irin wanda ban taɓa ji a wurin da akwai dabbobi ba. Ba kuka, ba tuƙa, ko kaɗa wutsiya babu. Ba a fita kiwo ba. Shanun suna tsaye cikin rana, fiye da rabinsu sun sandare wuya sun karkata kai gefe guda, kamar masu sauraren wata magana daga ƙarƙashin ƙasa. Da na taka, idanunsu kaɗai suka biyo ni. Na karanta addu'ar da ta zo bakina. Na shafa wuyan wata saniya, na ji kumburi mai zafi kamar dunƙulen fura, daidai inda allurata ta shiga. Na shafa ta biyu, na shafa ta uku, duk a hagu.

Arɗo ya ja ni gindin wata tsamiya, ya rage murya. "Malam, ba laihinka ba na. Kowa ya ji abin da tac ce kahin ka soma. Ita ta yi ma maganin naka baki. Kuma da sahe ta hagun garke taka bi in za ta rijiya."

Na hango Goggo Dudu zaune a ƙofar bukkarta, ita kaɗai, an janye yara daga wajenta. Ta dube ni. Na san gaskiya a lokacin, wallahi na sani. Amma na tuna takardar tuhuma, na tuna yadda ake ta ƙananan maganganu a kan allura a ƙauyuka, na ji tsoron a kai ni gaban alƙali. Na ba shanun maganin kumburi, na ce zan je in yi bincike. Kunya nake ji har yau idan na faɗi wannan kalmar, bincike.

Washegari na kai wa Likita ragowar kwalba a Ƙaura. Ya ɗaga ta a hasken taga, ta sake rabuwa biyu.

Ya ce, "Ka daskarar da ita?"

Na ce, "E, ranka ya daɗe."

Ya yi mini bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ƙanƙara tana yaga riƙon da sinadarin ya yi wa ɗigon mai, girgizawa kuwa rufe ido ce ta 'yan mintoci. Saniyar da ta sami mai zalla ta kumbura, wadda ta sami ruwa babu tabbacin ta sami kariya. Ya ce in rubuta rahoto, in koma in faɗa musu da bakina, sannan a sake wa garken allura idan sun warke.

Sai da na ƙara kwana guda ina tattara ƙarfin hali. Na isa da hantsi, na tara mazan rugar, na ajiye kwalba mai kyau kusa da tawa, na faɗi abin da na yi tun daga wurin mai ƙanƙara. Sai na juya in nemi gafarar Goggo Dudu, na ga babu bukkar. Da'ira ce kawai a ƙasa, shararriya, da duwatsun murhu uku da tokarsu. Tun jiya da yamma aka ɗora kayanta a jaki aka raka ta wajen danginta, can bayan Zurmi.

Arɗo ya riƙe baki yana salati, ya aika ƙanensa ya dawo da ita. Ƙanen ya dawo shi kaɗai. Saƙonta gajere ne: "Ku ce ma malamin, ya ji ni ran nan, kuma ya gan ni ran nan."

Shanun sun warware cikin 'yan makonni, ko ɗaya ba ta mutu ba. Ni na sha takardar gargaɗi, na ci gaba da aikina har na yi ritaya. Ita ba ta sake taka rugar da ta yi aure ta binne mijinta ba.

Ku da kuke aikin yanzu, ku riƙa ɗaga kwalba a haske kafin ku soka allura, idan ta rabu ku ajiye ta gefe. Idan mai nono ta yi muku magana a kan mai da ruwa, ku saurara, ta riga ku sanin abin. Idan kuma kuskuren naku ne, ku faɗa a ranar, kuna tsaye a wurin. Ni kwana biyu kacal na jinkirta, aka sauke laifina a kan wadda ba ta da mai tsaya mata.