Malama Dinah ta Ɗakin Magani

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna keke ke sauke Malama Dinah George a ƙofar asibitinmu da ke Tudun Wada. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa sai ta leƙa firjin da ake ajiye allurar masu ciwon suga, ta tabbatar sanyinsa daidai yake. Sannan ta buɗe tagar ɗakin magani. Duk wanda ta miƙa wa magani, ba zai gusa ba sai ya maimaita mata yadda zai sha. Shekara talatin da uku tana aikin harhaɗa magunguna. Ni nas ce, na yi ashirin daga ciki tare da ita. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Da can ba haka take ba. Takan karɓi kati, ta ba da abin da likita ya rubuta, ta kira na gaba, kamar kowa. A 2012 aka kawo mana Malam Nagoda, wani tela daga Tudun Jukun, ya yanke jiki ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Da matarsa ta zazzage ledar magungunansa a kan gado, sai ga maganin hawan jini iri ɗaya a kwali biyu, kowanne da sunan kamfaninsa. Ɗaya a kemis ya saya, ɗaya Malama Dinah ce ta ba shi. Wata biyu yana haɗa su, a zatonsa daban suke. Ya rayu, amma ƙodarsa ta taɓu, bai ƙara zama kan keke ba.

Na ce mata, "Anti, ba laifinki ba ne. Abin da aka rubuta kika bayar."

Ta ce, "Bahijja, hannuna ne ya miƙa masa, ban tambaye shi me yake sha a gida ba. Kuma ko na tambaya na gano, wa zai saurare ni a asibitin nan?"

Ba a yi wata huɗu ba ta samu gurbin karatun gaba da digiri, kan yadda ake jagorantar amfani da magunguna a asibiti ba cutarwa, ba ɓarna. Shekarunta arba'in da bakwai, ga 'ya'ya huɗu, hutun karatu kuwa aka hana ta. Asabar tana aji, Lahadi in an taso daga coci ta duƙufa kan littattafai. Mun yi mata dariya, har da ni. Ta faɗi jarrabawa ɗaya ta sake zama. Karatun shekara biyu ya ci mata uku, ba ta fasa ba.

Da ta gama, sau biyu tana rubuta wa shugabannin asibiti a kafa kwamitin da zai riƙa duba magungunan da ake rubutawa, sau biyu takardar tana kwana a durowa. Sai ta fara da abin da ba ya buƙatar izinin kowa: kowace Alhamis masu hawan jini da suga su zo da duk maganin da ke ɗakinsu ta duba. A nan ta gano Inna Ishatu, mai tuyar waina, tana raba ƙwayar suganta biyu don ta kai ta ƙarshen wata, saboda wadda aka rubuta mata ta fi ƙarfin aljihunta. Alhali akwai irinta sak, mai rajista, mai sauƙi, ta wani kamfanin.

Ta ɗauki katin ta shiga ofishin babban likitanmu, Dakta Kailani. Ina ciki a lokacin.

Ya ce, "Malama, ni ne likita ko ke?"

Ta ce, "Kai ne, ranka ya daɗe. Amma maganin da Inna ba ta iya saya ba zai yi mata aiki ba. Ka rubuta asalin sunan maganin, ka bar mini zaɓen kamfani. In suganta bai sauka ba nan da wata uku, ka ɗauke ni daga tagar nan."

Ya dube ta ya ce, "To, zan riƙe ki da maganarki."

Ya sake rubuta katin muka fito, na kuwa san ba ya wasa. Ita kuwa kowane mako sai ta bi ta wurin tuyar Inna ta ga kwalin da idonta. Wata uku na cika aka gwada, suga ya sauka. Dakta Kailani da kansa ya kira taron farko na kwamitin, ya ce ita za ta shugabance shi.

Malama Dinah, ke ce kika koya mana cewa ba kowace mura ce ke son allura ba, kika jure zagin iyayen da suka ce rowa kike yi. Ke ce wakilan kamfanoni suka daina kawo wa kalanda, ko a jikinki. Murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya.

Jiya na tambaye ta me za ta yi da hutun. Ta ce, "Wane hutu? Mutane sun daina shan magani ne?" Ashe ta haɗa masu kemis goma sha ɗaya na unguwar, za ta riƙa koyar da su duk Asabar a wani ajin firamare.

Mun gode, Anti. Ku kuma abokan aikina da ke cewa lokacin karatu ya wuce, ga wadda ta koma aji da furfura ta dawo ta gyara asibiti guda. Ku tashi ku nemi ilimin, marasa lafiya na jira. Allah Ya ba ki irin lafiyar da kika tsare wa mutanen Tudun Wada.