Kwalbar da Anti Hadiza ta bar mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni, wai Anti Hadiza ta rasu jiya a Kalgo. Kwalbarta na hannuna aka faɗa mini.

Ma'aikaciyar ruwa ce. Takan zo Gwandu a bayan mashin, ta bi gida-gida tana ɗibar ruwan famfo, a kai a auna ko akwai dalma ko tagulla a ciki.

Ni ko idon baƙo ba na iya kallo. Amma ita ta hango littafin soyayyar da nake ɓoyewa cikin hijabi. Duk zuwa sai ta rage murya: "To, saurayin littafin ya faɗa mata ko har yanzu yana zurfin ciki?"

Ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake karantawa sai ita.

Famfonmu ya fita lafiya. Abin da ya tsaya mata a rai tulun tagullar Kaka ne, gadon kakarta tun farkon zuwan Turawa, gindinsa duk liƙin dalma. Daga shi kaɗai Kaka ke shan ruwa.

Kaka ta ce wa Anti, "Ɗiyata, tulun ga ya girmi ubanki. In ba takardar awo kinka kawo ba, ba ni barin shi."

Anti ta ce a bar ruwa ya kwana a ciki, za ta zo ta ɗiba. Ni kuwa kunya ta kama ni. Ya za a ba baƙuwa kwanannen ruwa? Na zubar, na darje tulun da toka, na cika shi da sabo.

Da ta zo ta ji, ta yi dariya har da hawaye. "'Yar littafi, ai ba sha na zo yi ba! Sai ruwan ya jima a ciki dalmar ke fita." Ta miƙo mini kwalba, ta ce in cika da kwanannen ruwan tulun ranar Talata da kaina.

Rabona da ita ke nan.

Yau Talata. Na cika, na rubuta sunan gidanmu, na zauna ina sauraren ƙarar mashin, sai ga labarin.

Ɗazu ma Kaka ta sha daga tulun.

Ban san kowa a ofishinsu ba, ban taɓa yi wa baƙo magana ni kaɗai ba. Amma gobe in mun je ta'aziyya zan tambayi hanyar ofishin. Na ajiye littafin. Kwalbar ce cikin hijabina.

Allah Ya jiƙan ki Anti, Ya shayar da ke ruwan Alkausara. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.