Shekarar da Kajin Inna Suka Yi Cara

Bayan na gama karatun kiwon kifi, na koma gida Ngaski na haƙa rami biyu a bayan gidanmu, na zuba 'ya'yan karfasa. Namijin karfasa ya fi mace girma, shi ya sa ake cakuɗa wa ƙananan abinci da wani irin testosteron, sinadarin da ke sa namiji ya yi gemu da kaurin murya. In aka zana siffarsa a takarda ba wani abu ba ne, zobe huɗu ne manne da juna, kuma kaɗan ya bambanta da na mata. Amma in ƙananan kifin suka ci shi 'yan makonni, kusan duk sai su tashi maza.

Rabin buhun abincin nan ya rage mini, na jingine shi a gindin rumbu ban gaya wa kowa ba. Inna kuwa ba ta iya ganin gari a ajiye. Kullum sai ta ɗiba ta watsa wa kajinta.

Da farko ƙwai ya ɗauke. Daga nan zankonsu ya kumbura ya yi ja, sai wata safiya babbar ta hau turmi ta yi cara. A wurinmu kazar da ta yi cara mugun abu ce, nan take aka yanka ta. Da ta biyu ta yi, Inna ta ce sammu ne, ta ɗora wa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bakambara da ba ta bar addinin iyayenta ba. Ita ce aminiyarta. Inna ta daina amsa gaisuwarta, unguwa duk ta ɗauka.

Ni da na leƙa buhun na gane komai, amma na ja bakina na yi shiru har sati uku. Tsoron bakin Inna nake ji, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Da na faɗa mata, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Tashi, kai za ka yi mata bayani da bakinka."

Tsohuwar na sussukar gero muka same ta. Ta saurari zancen zobe huɗu har ƙarshe, ta ce ta yarda, karatu ba ƙarya ba ne. Sannan ta dubi Inna.

"Shekara talatin muna cin tuwo kwano ɗaya. Kaza ta yi cara, ni kika fara tunawa."

Inna ta sunkuyar da kai. Sun ci gaba da gaisawa a hanyar rijiya, amma tsohuwar ba ta ƙara shiga gidanmu ba har ta rasu.