Jantin Alu da Ekurun Inusa

Ana sallame sallar asuba muka bar Dogon Dutsi, ni da taubashina, a kan babur ɗinsa mai kukan injin niƙa. Mutum biyu muka fita nema, Alu da Inusa, kuma ban taɓa ganin ko ɗayansu ba.

Ga mafarin abin. Babana ya yi shekaru yana tuƙi a mishan, da ya tsufa suka bar masa motar: tsohuwar ƙirar Faransa, fara, mai dogon hanci, wadda noti uku ke riƙe kowace ƙafarta. Bana ruwa ya kwanta a bayan gida inda take fake, tsatsa ta cinye ƙarafan tayoyin baya har yatsa na shiga, notukan kuma suna marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ana cikin haka saƙo ya zo daga Dumega cewa Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ta kwanta, tana ta kiran sunansa. Baba ba ya gani sosai yanzu, bayansa ba ya ɗaukar babur, kuma ya rantse ba mai cusa shi a motar haya tsakanin buhu da akuya. Ko a motarsa, ko ba ya zuwa. Wanda ya san tsohon nan ya san ba a ja da shi.

Bakaniken da ke duba motar ya tafi biki Yamai, ya bar mini saƙon murya a waya: "Ka samo janti alu huɗu da ekuru inos goma sha biyu, su ne ba su tsatsa. In na komo sai ɗaurawa." Ni tela ne, a Kangiwa, can ƙetaren iyaka, na tashi wurin kawuna, Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na tambaya aka ce janti shi ne ƙarfen da taya ke zama a kansa, ekuru kuma noti. Sauran na fassara wa kaina: jantin Alu, ekurun Inusa. Na kira bakanike in ji garin da suke, waya a kashe. Taubashina, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa bai san abu ba, ya ce ai ya san Alu, a Ɗan Kassari yake.

Hanyar Ɗan Kassari kwalta ce, sai dai manyan motoci ba su san babur ma mai rai ya ɗauko ba. Gero ya nuna hagu da dama, mata sun duƙa tsinkar wake tun rana ba ta yi zafi ba. A bakin tasha muka karya da ƙosai da kunu, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san an zo. Daga nan muka shiga cigiya. Alu na farko dillalin awaki ne, ya so ya sayar mana da bunsuru. Na biyu ya rasu bara, muka zauna muka yi wa iyalinsa ta'aziyya, har da shan ruwa. Na uku mai faci ne, shi ne na sa wa rai. Ya saurare ni da kyau, ya ce shi bai taɓa mallakar janti ba, amma akwai wani Inusa mai harkar ƙarfe a Kore Mai Ruwa.

Kore Mai Ruwa kuwa tana can ɗaya gefen, dole mu sake ratsa Dogon Dutsi. Na ja hula na rufe fuska da muka zo daidai unguwarmu. A shingen fita gari wani zandarma ya tsayar da mu ya tambayi inda za mu. Na gaya masa gaskiya, muna neman Alu mai janti da Inusa mai ekuru. Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, suka yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga mana hannu ko takarda bai duba ba. Na yi ta juya dariyar nan a raina har muka isa, ban gano kanta ba. Taubashina ya ce wai hulata suke wa.

Inusan Kore Mai Ruwa maƙeri ne, lauje yake ƙerawa saboda girbi. Ya ce shi da noti sai dai ya gani a jikin keke, mu gwada Tibiri. Muka sayi mai na kwalba, wanda kuɗinsa ke ƙaruwa duk lokacin da ka ƙara nisa da gida, muka yi kudu. Ƙasar nan ta fi tamu laima, ga rake, ga rogo, ga mangwaro jere a fadama. Ban more kallon ba. Lissafina ɗaya ne: rana ta raba, Gwaggo na kwance, ni kuma ina yawon neman mutanen da kowa ya sani amma ba wanda ya san sana'arsu.

A kasuwar Tibiri muka sami shagon kayan mota na wani matashi mai gemu da ɗangalallen wando. Na gaji da bayani, sai kawai na kunna masa saƙon. Ya saurara sau biyu, ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, Allah ya saka masa.

"Malam, alu ba mutun na ba," in ji shi. "Ƙarhen tukunya na, wanga hwari maras nauyi. Inos ko ƙarhen cokali, wanda ba ya tsatsa. Wa yac ce muku mutane na?"

Na juya in nuna taubashina, sai na gan shi can yana taya rake kamar bai san ni ba.

Kunya ta kama ni, amma yaron kirki ne, ya ba ni kujera ya koya mini abin da ya kamata in sani tun jiya. Ya zubo notuka masu ƙyalli a kan tebur, ya kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika, duk suka manne. Ya ce waɗannan wanka kawai aka yi musu, damina ɗaya za su koma ja, inos na gaske da ƙyar maganaɗisu ke kama shi. Ya ce kuma notin jantin alu daban yake da na ƙarfe, mazauninsu ba ɗaya ba, in ka haɗa su ba daidai ba ƙafa na iya barinka a hanya. Sannan ya tambaye ni rami nawa ne a ƙafar motar. Na ce uku. Ya girgiza kai, ya ce alu mai rami uku ko a Yamai sai an yi odarsa daga waje, wata ɗaya ko biyu, in ma an samu. Nan kunya ta tafi, tsoro ya zo.

Tunda Dumega ba nisa, muka ƙarasa. Gwaggo ta rame ƙwarai, muryarta sai ka sunkuya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ɗai kaz zaka? Ina yayana?" Na ce mota ake gyarawa. Ta ce, "Shi da motag ga tashi." Ta juya fuska bango. Na fito tsakar gida na rasa inda zan sa kaina.

Washegari da safe ina zaune a ƙofar gida, maƙwabcinsu ya fito da amalanken jaki zai tafi gona. Ido kawai na sauke a kan tayar, saboda kwana biyu ba abin da nake kallo sai ƙafafun abin hawa. Rami uku. Na tashi na zagaya ɗaya gefen, uku. Ashe masu walda da ƙafafun irin waɗannan tsofaffin motoci suke haɗa amalanke. Ƙarfe ne baƙi, duk ya sha baƙin mai, wanda mai shi ya ce yana shafawa kowace damina, shi ya sa notukan ke kwancewa ba gardama. Na faɗa masa halin da ake ciki. Ga girbi ya kama, amma ya kwance jakinsa, ya ɗora amalanken a kan turmi biyu, ya cire tayoyin, ya ce in kai in dawo masa da su cikin kwana uku. Na tambayi sunansa don in tabbatar. Ba Alu ba ne.

Yadda muka dawo da taya biyu a kan babur, ɗaya a cinyata ɗaya ɗaure a bayana, wannan ƙuguna ne ya san shi. Da la'asar muka shiga gida, muka tarar bakanike ya dawo. Da ya ji labarin Alu da Inusa sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Da ya huce ya duba kayan ya ɓata fuska, ya ce wannan ai ƙarfe ne, shekara biyar ba zai yi ba tsatsa za ta cinye shi, mu yi haƙuri a yi odar na kirki.

Baba ya ce a miƙo masa. Ya shafa ƙarfen, ya sa yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗaura. Ni da ƙanwata wa ka da shekara biyar?"

Aka ɗaura kafin magariba, da safe muka kai Baba Dumega, bakanike na tuƙi. Sun wuni a ɗaki ɗaya, yana riƙe da hannunta, tana yi masa faɗan taurin kai, shi kuma yana shan faɗan.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. In ba ka gane magana ba, ka ce ba ka gane ba, kuma kada ka tambayi taubashi. Sauran kuwa ya fi zafi: kwana biyu na ɓatar ina neman ƙarfen da ba ya tsufa, alhali mutanen da nake nema wa shi kwanakin ne ba su da su.