Jinkar Iya a Ƙasa

Duk shekara in hadarin farkon damina ya taso, iska ta fara jijjiga kwanon ɗakina a nan Jibiya, sai Iya ta faɗo mini a rai. Iya kakata ce, mahaifiyar babana. A gidanmu na Magama ita kaɗai ta ƙi rufin kwano, ta ce zafi gare shi. Ɗakinta na jinka ne, a ƙofarsa murhunta yake, nan muke taruwa bayan sallar isha'i, ni da ƙannena, hayaƙi yana kore mana sauro, ita kuma tana ba mu tatsuniya tana ɓarar gyaɗa.

Ina 'yar firamare aka yi wata iska da ta kware rufin gidaje da yawa a unguwarmu. Jinkar Iya ɗungurungum ta ɗauke, aka tsinto ta a gonar maƙwabta ta wargaje. Iya ta kwashe tabarmarta ta koma madafa, wadda rumfar kara ce kawai, ko ƙofa babu.

Baba bai yi sanya ba. Ya samo shuci da kara da igiya, ya zauna tsakar gida ya ɗaura sabuwar jinka mai kyau. To ita jinka a ƙasa ake gama ta, sannan a kira maza su kewaye ta, su ɗaga gaba ɗaya su ɗora bisa bango. Maƙwabta suka zo da safe sun naɗe hannun riga. Iya ta fito ta tsaya tsakaninsu da jinkar.

"Allah shi saka muku," in ji ta. "Amma ba a ɗora mini wagga jinka sai ɗiyana biyu sun kama ta."

Kowa ya san abin da take nufi. Baba da ƙanensa, Baffa Sani, sun ɓata kan gonar gado, har Baffa ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka, ya zauna wani ƙauye kan hanyar Maraɗi. Da babur ba wata tafiya ba ce, amma sun daɗe ko gaisuwa babu. Baba yana tsaye a wurin, Iya ba ta dube shi ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko ruwa za ta ba shi sai ta aiki ɗayanmu.

Da yammar nan muka taru gaban murhu. Baba yana can gefe a zaune, wai yana gyaran fartanya. Iya ba ta ko jira mu amsa mata buɗin tatsuniya ba, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an yi wani mutum da babu wanda ya kai shi iya ɗaurin jinka, sai dai ba ya zuwa gayyar kowa, ɗan'uwansa ma ya kore shi. Da iska ta ɗauke masa rufi, ya ɗaura sabo, ya yi masa shuci kan shuci, ya ƙawata shi har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ya zo ɗagawa, ya kama nan, can ya ƙi tashi. Ya koma can, nan ya zauna. Matarsa ta ce ya je ya kira ɗan'uwansa, ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Da ruwa ya sauko sai ya rarrafa ya shige ƙarƙashin jinkar, ya bar ɗakin a buɗe har bango ya zube. Yana nan ciki har jinkar ta manne masa a baya.

"Shi ne kunkuru," in ji Iya. "Rufi gare shi, ba shi da ɗaki. In ya hangi mutum sai shi maida kai ciki."

Muka fashe da dariya. Na ce, "Iya, matar fa?"

"Ke dai ƙawata kin cika tambaya. Ruwa ya ci ta mana, mi kike so in ce?"

Na waiga, na ga Baba ya daina bugun fartanya. Ya tashi ya shige ɗakinsa. Iya ba ta rufe tatsuniyar kamar kullum ba, ta dai tura itace cikin wuta.

Kwanaki suka wuce jinka tana ƙasa, kaji suna hawa kanta. Mahaifiyata ta roƙi Iya ta dawo ɗakinta ta kwana, Iya ta ce ita ba ta kwana ɗakin suruka. Sai aka yi ruwa mai iska, irin wanda ke shigowa ta gefe. Da asuba muka same ta zaune a kusurwar madafa, zanenta sharkaf, tana jan carbi haƙoranta suna haɗuwa. Tari ya kama ta, ƙirji ya riƙe. Aka kai ta asibiti a Jibiya, ba ta dawo da ƙafarta ba.

Baffa Sani ya zo jana'iza. Bayan an share makoki, shi da Baba da maƙwabta suka kewaye jinkar, suka yi bisimilla, suka ɗaga. Ba ta ko yi musu nauyi ba. Ina tsaye ina kallo suka daidaita ta bisa ɗakin da babu kowa ciki.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma na daɗe ina ɗora wa Baba laifi, ina ganin shi ne kunkurun. Sai bayan na yi aure, Baba ya tsufa, wata rana na kai masa abinci, shi da kansa ya tayar da maganar.

"Tun daga farko na gane da ni take," ya ce. "Na sa ranar kasuwa in tafi wurin Sani. Jira nike ta kira ni ta ce, tashi ka ɗauko ƙanenka. Wallahi da ta faɗa, da a ranar zan tafi."

Ita kunya ta hana ta faɗa, shi kuma faɗar yake jira, suna gida ɗaya, tsakaninsu bai fi tsakar gida ba. Shi ya sa ni ɗana na fari da sunansa nake kiransa. Dangin mijina suna cewa boko ya cire mini kunya. In ina da magana da shi, zaunar da shi nake yi in dubi idonsa in faɗa. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta a inuwar da ruwa ba ya ratsawa.