Sakatar Bindigar Kaka

Ranar Asabar da ta wuce maiɗakina ta fito da keken ɗinkinta a falon flat ɗinmu, ta ɗiga masa mai. Warin man nan yana shiga hancina na ajiye shayin da ke hannuna. Da irinsa kakana yake goge bindigarsa, kuma kai mai karatu, in ka taɓa girma kusa da tsoho mai ji da wani abu guda, ka san yadda wari kaɗai ke mayar da mutum gida.

Kaka tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Da ya bar aiki ya riƙe bindigarsa da lasisi, saboda birai da gadu da ke ɓarna a gonakin bayan gari. Tsohuwa ce, irin wadda ake ja wa sakata baya, kwanson harsashi ya faɗo, a tura ta gaba a kulle kafin a sake harbi. Duk Juma'a da hantsi yakan shimfiɗa buzu a zaure ya warware ta. Ni ne jikan da ke gidan, ni ke kawo tsumma da kwalbar mai, ni ke korar kaji. Shekara da shekaru ina wannan zama, amma bai taɓa bari na sa hannu a sakatar ba. In na miƙa yatsa sai ya ce, "Ba yanzu ba."

Wata damina bindigar ta fara ciwo. Sakatar ta yi sanyi, ƙotar katakon kuma ta tsage tun daga gindi. Sai iyalan wani abokin aikinsa da ya rasu suka kawo masa bindigar marigayin, suka ce ya ciri abin da zai yi masa amfani. A ido kamar tagwaye suke. Na yi murna, na ɗauka aikin yini ɗaya ne.

A wannan makon ne baffana ya zo hutu daga Landan da 'yarsa. Tsarata ce, a can aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ruwa ya hana ta yawo, sai ta faɗo zaure da takalmanta ta zauna a gefen buzun, wurin da ni ban taɓa zama ba. Kaka ya dube ta ya yi dariya ya ce, "Amaryata ta zo taya ni aiki."

Ya zura sakatar marigayin a cikin bindigarsa. Ta shiga sumul, amma da ya zo kullewa ta ƙi. Ya sake gwadawa a hankali, ta ƙi. Na ce a kawo guduma mana. Ko kallona bai yi ba. Ita ya juya ya yi wa bayani, cewa ba shekara ɗaya aka ƙera su ba, kan wannan ya ɗan fi na waccan tsawo, kuma in aka tilasta ta, ranar harbi a fuskar mutum za ta fashe. Rabin maganar ba ta gane ba, kai kawai take gyaɗawa. Ni da na gane kowace kalma, ina tsaye da tsumma a hannu.

Sannan ya kama hannunta ya ɗora a kan sakatar. "Ja ki ji," in ji shi. Ta ja. Ƙarar nan ƙaras-ƙaras da na yi shekaru ina jin ta daga nesa ta fito daga hannun yarinyar da ba ta ma san sunan abin ba. Na ajiye tsumman na fita cikin yayyafi, na tsaya a bayan rumbu har rigata ta jiƙe.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi zafi. A ƙarshe gidan harsashi da ƙarfen gindin ƙota ne kawai suka dace, sai wani ɗan ƙaramin sifirin da ya farfaɗo da tsohuwar sakatar. Ƙotar kuwa sabuwa ya sa masassaƙi ya fafe masa daga icen maɗaci, ya ce a rage tsawonta don kafaɗarsa ta rankwafa. Kullum tana gefensa tana goga katakon da man kaɗanya, yana koya mata sunayen sassan, irin su saiti da kunamar da ake dannawa a yi harbi, tana faɗa a karkace yana ƙyalƙyala dariya. Na daina zuwa zauren. Kakata ta same ni a madafi ina tura tuwo gefe, ta ce, "Baƙuwa ce, gobe za ta tafi. Kai ai na gida ne." Maganar ba ta sanyaya mini rai ba, don a lokacin na fi son in zama baƙon.

Ta tafi, na koma aikina na tsumma. Kafin in kai shekarun da Kaka yake jira, ciwo ya kwantar da shi. Bayan sadakar arba'in babana ya naɗe bindigar a buhu ya miƙa wa hukuma, tunda lasisin da sunan Kaka yake.

Yau ga ni a Landan, garin da 'yar baffana ta fito, ina aiki a wani asibiti, furfura ta fara mini. A ƙauyenmu yanzu ba wanda zai shimfiɗa buzu a zaure ya warware bindiga yara suna kallo. In aka ji ƙararta, tattara yara ake yi a kulle ƙofa. Kwanan baya na haɗu da 'yar baffan nawa bayan sallar Juma'a a Whitechapel, muka tsaya a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa muna gaisawa. Na kasa daurewa, na tambaye ta ko tana tuna ranar da Kaka ya ba ta sakata ta ja.

Da gaske ta yi ƙoƙarin tunowa. Sai ta yi murmushi ta ce, "Yaya, wai Kaka yana da bindiga?"

Na ce mata eh, yana da ita. Lokacin jirginta ya yi, ta ɗaga mini hannu ta shige tashar. Ni kuwa na bar nawa ya wuce, na taka da ƙafa har gida, ina jin haushinta sabo fil kamar ina bayan rumbun nan.